Yadda Na Raba Rigimar Mawaƙin Ɓeraye

New Bell zuwa Bonaberi

Ana idar da sallar asuba na bar gida, zan tafi Nkongsamba sarin goro. Lokacin Faransa ba ta gama gadar kogin Wuri ba, sai jirgin fito. A Bonaberi na shiga kamiyo, wato motar kaya, ta wani direba, Hamadu. Na tarar da Turawa biyu a gaba, Fatirik da Wiliyam, 'yan ƙauye ɗaya a ƙasar Ayalan. Fatirik ɗan Katolika ne, Wiliyam Furotesta, kakanninsu sun sha kashe juna. Hamadu ya ce, "Alhaji, zauna tsakaninsu, kada su fasa min gilas."

Mbanga

Jandarma na duba lesefase, takardar izinin tafiya, sai ɓera ya fito daga buhun masara. Fatirik ya ce min da Turancin buroka, wai a ƙauyensu an yi wani mawaƙi, in ya yi wa ɓeraye zambo sai su kwashe 'ya'yansu su bar gari. Shi ya kora su daga rumbunan Katolika zuwa injin niƙan Furotesta.

Wiliyam ya ce, "Ƙarya! Namu ne. Gidan fadan cocin Katolika ya tura su, suka cinye masa riga."

Kowannensu ya miƙe ya rera wa ɓeran waƙar. Ɓera ya saurara, ya ci gaba da cin masara. Jandarma ya ce, "Circulez!" wato mu wuce.

Lum

Muka tsaya cin ayaba gasasshiya, Turawan suka cakumi kwalar juna. Hamadu ya rantse ba zai ƙara tayar da mota ba, ga kasuwar goro tana shirin watsewa. Suka ce ni ne alƙali.

Na ce, "Ranku ya daɗe, a garinmu maroƙi ba shi da ɗarika sai ta wanda ya ciyar da shi. Ina jin naku gida biyu yake ci."

Suka saki kwalar juna. Fatirik ya ce, "Ka ji abin da ya ce wa mawaƙinmu?"

Wiliyam ya ce, "Na ji, ɗan'uwa."

Suka mayar da ni bayan mota. Har Nkongsamba ruwa na dukana, ina jiyo su a gaba suna waƙa murya ɗaya.

Gida

Na dawo New Bell da goro da zazzaɓi. Na gode wa Allah da Ya kawo ni lafiya, na gode wa Hamadu da ya ara min tamfol. Maƙwabta biyu sun zo in sasanta su kan katanga, na ce a faɗa musu ina barci.