Inda Jama'a Suka Nufa

Yayana ne ya kama mana otal ɗin ta waya, yana kishingiɗe a falonsa a unguwarmu ta Mansur da ke Makka. Ya ga hoton teku da wurin ninƙayar yara, shi ke nan ya danna. Sai da muka sauka a wani gari na bakin teku a Masar, mu da matarsa da 'ya'yansa da Innarmu, sannan muka ga ashe rabin ƙasan ginin gidan caca ne. Na ce, "Yaya, daga Makka ka ɗauko tsohuwa ka kawo ta gidan caca?" Ya ce ina ruwanmu, ƙofarsu daban tamu daban. Haka yake, in ya yi ɓarna sai ya ƙara faɗaɗa murmushi.

Ni ba cacar ce ta dame ni ba, Inna ce. Tun kafin tafiyar ta fara zuba sukari a miya, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Na faɗa wa Yaya, ya ce tsufa ne, in ta sha iskar teku za ta warware. Abin da ban gaya masa ba shi ne tsoron da nake kwana da shi nake tashi da shi, cewa wata rana za ta dube ni ba ta san ni ba.

Inna tana ƙarama iyayenta suka zo da ita aikin hajji, ba su koma ba. Ta yi shekaru tana sayar wa alhazai tuwo da miyar kuka a unguwar Misfala, kuma duk Hajiyar da ta ɓata tana kuka a bakin Harami, Inna ake kira. Sai ta kama hannun matar, ta juya abin hannun nan da ake ɗaura wa alhazai, ta dubi launinsa da tambarinsa, ta gane masaukin. Ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa kai wata gidan da ba nata ba. Mu kuwa tun muna yara ta kafa mana doka: in kin ɓata ki bi jama'a, a garin nan kowace ƙafa Harami take nufa, ki zauna a can zan zo in same ki.

A wurin karɓar baƙi aka ɗaura wa kowannenmu wata roba shuɗiya a wuyan hannu, wai da ita za a san mu 'yan otal ne a ba mu abinci. Inna ta ɗaga nata ta ce, "Ashe mu ma mun zama alhazai." Kowa ya yi dariya. Ni tawa iyakarta leɓe.

Otal ɗin gari ne guda. Kowane lungu kamar ɗan'uwansa, kafet iri ɗaya, ƙofofi iri ɗaya, kiɗa yana bin mutum har cikin lifta. Ba a jin kiran salla sai wanda wayata ta yi. Matar da ta yi rayuwarta tana auna yininta da muryar ladani, sai ga ta tana tambayata, "An kira?" In ce an kira, Inna, mun ma yi. Can anjima ta sake tambaya. Yara suna ruwa, Yaya yana ɗaukar hoto, ni ina gadi.

Wata rana bayan la'asar na bar ta a bakin gado da carbinta na shiga wanka. Na fito na tarar da ƙofa a buɗe. Babu ita, babu takalmanta.

Na kira Yaya, sai cewa ya yi, "Ke ma da gaggawa, wataƙila tana baranda." Wallahi na wanke shi tas, ban bar masa komai ba, har matarsa ta karɓe wayar tana ba ni haƙuri. Muka rarrabu. Shi ya yi bakin teku, wurin da ni ban yarda ko in kalla ba. Na bi ɗakin cin abinci, na bi shaguna, na leƙa banɗakunan mata ina kiran "Inna" kamar ƙaramar yarinya. Ma'aikata suna ta ce mini in kwantar da hankali. Da wane hankalin?

Dab da magariba na tsaya a tsakiyar babban falon otal ɗin. A nan na lura mutane suna fitowa daga lifta rukuni-rukuni, sun ci ado, suna sauri, duk sun nufi gefe ɗaya. Sai na tuna dokar Inna. Na bi su.

Ƙofa ce mai faɗi, da manyan fitilu masu ruwan zinariya suna reto daga sama, da jan kafet mai taushi. Daga ciki ana jin ƙarar injinan caca. A gefen ƙofar Inna tana zaune a ƙasa, ta lanƙwashe ƙafa, ta sa takalmanta a leda ta maƙale a hammata yadda muke yi a Harami. Tana jan carbi, tana kallon masu shiga.

Mai gadin, wani Bamisire cikin baƙar kwat, ya matso ya yi mini magana a hankali. Ya ce ta zo shiga ya tare ta, sai ta tambaye shi ko ciki ya cika ne. Bai gane ba, ya ce eh don ta tafi. Ta ce ba komai, za ta bi salla daga waje. Ta ɗauka shi askar ne, irin masu gadin ƙofar Harami.

Na durƙusa gabanta. Na so in yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa, sai hawaye. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da na sha gani tana yi wa baƙi. Ta kama hannuna ta juya robar nan shuɗiya, ta ƙura mata ido.

"Baiwar Allah, ɓata kika yi?" ta ce. "Daina kuka. A ina kika sauka?"

Na ji numfashin Yaya a bayana. Ya iso, ya kuma ji. Ban waiwaya ba.

Na ce, "A Mansur, Hajiya."

"Ai unguwarmu ce," ta ce, tana shafa bayan hannuna. "Ina da 'ya kamarki a can, sai dai ita akwai masifa. Zauna nan kusa da ni. Bari a idar, ni zan kai ki gida."

Na cire takalmana na zauna.