Ganyen da Na Fizge Daga Motar Malam Bulus

Kowa a wannan aiki namu na karɓo motoci yana da ranar da ta ƙi fita daga ransa. Tawa wata Asabar ce cikin damina, ina ƙaramin jami'i a wani kamfanin ba da motoci bashi a nan Minna, lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba.

Ga wanda bai san aikin ba, motar da ba a gama biya ba tamu ce. Dole mai riƙe da ita ya yi mata cikakkiyar inshora, wadda za ta biya ko an sace ta ko ta ƙone, ba 'yar takardar nan ta nuna wa 'yan sanda ba. In ta ƙare bai sabunta ba, mu aika gargaɗi, sannan mu ɗauko motar. Makulli na biyu yana hannunmu. Ba sallama, ba gardama, sammako muke yi mu tayar mu tafi. Ni kuwa ji nake ba wanda ya kai ni, har Manaja yana ce mini Shaho, ina ta fasa kai.

Malam Bulus malamin sakandare ne, mutumin kudancin Kaduna, yana zaune a unguwar Fadikpe. Bai taɓa fashin biyan wata ba, inshorar motarsa fijo mai dogon baya ce ta ƙare. Na iske motar a bakin titi, don lungunsu ba ya shiguwa. An wanke ta tas, an kwantar da kujerun baya, an soke ɗanyen ganye gaba da baya. Na ga ganyen. Na ma ji waƙar coci daga can ciki. Sai na ce dabara ce, wai in zaci motar ta lalace. Na fizge ganyen na jefa a kwata, na kai motar harabar ofis ina fito.

Da hantsi sai ga Malam Bulus a kan acaɓa, da baƙar kwat, idanu jajur. Na gyara tsayuwa ina jiran zagi. Ya gaishe ni, ya gaida Manaja.

"Ranka ya daɗe, na san laifina ne," in ji shi. "Asibiti ya cinye kuɗin inshorar. Matata ta rasu shekaranjiya. Akwatin gawarta na tsakar gida, can ƙauye kuma an haƙa kabari. A ara mini motar na yau kawai."

Duk wanda ya taɓa tuƙi ya san ɗanyen ganye a jikin mota alamar gawa ce, don a ba ta hanya. Na sani sarai, ɗoki ne ya rufe mini ido.

Manaja ya yi masa gaisuwa, ya ce, "Malam, ba inshora, ba za ta hau hanya a hannunka ba. Sai dai ma'aikacinmu ya tuƙa, inshorar kamfani tana aiki a kansa." Ya juyo ya dube ni. "Shaho, kai ka ɗauko, kai za ka kai."

A Fadikpe jama'a sun cika lungu suna jira. Malam Bulus ya ce musu, "Ga mota, an samu direba." Wata tsohuwa ta miƙo mini reshen mangwaro, ta ce, "Ɗana, soka wannan, na ɗazu ya faɗi." Na durƙusa na soka, ga wancan ina kallonsa a kwata kusa da ƙafata.

Mun isa ƙauye da la'asar sakaliya, aka yi jana'iza. Bayan an gama sai mahaifin marigayiyar ya kama hannuna a gaban mutane, ya ce, "Ku dubi yaron nan. Musulmi ne, ba danginmu ba, ya bar aikinsa ya kawo mana 'yarmu gida." Suka nemo wani Bahaushe ya yanka kaza don in iya ci. Suka ɗaura mini citta a ƙaramin buhu. Na dubi Malam Bulus ina jiran ya faɗa musu ko ni wane ne. Wallahi da ya faɗa da na ji sauƙi. Sai kawai ya matso mini da ruwan wanke hannu.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Motar dai ta koma harabarmu har Malam Bulus ya sabunta inshorar, kuma har gobe ina ganin dokar daidai take. Sammakon ne ba daidai ba, don takarda ba ta gaya maka abin da gida ya kwana da shi. Tun daga ranar ban sake sa makulli a motar kowa ba sai na yi sallama an amsa. Ku ma sababbi a wannan aiki ku yi sallama. Sunan Shaho kuwa na roƙi Manaja ya daina, kuma bai tambaye ni dalili ba.