Gangar Bandar Kifi ta Gwaggo

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Gwandu aka kawo mana sabon malamin kimiyya. Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ko'ina ana canjin ma'aikata, shi ma a cikin wannan canji ya zo. Dogo ne siriri, yana da tsohon babur wanda sai an tura yake tashi, kuma kullum da fensir a maƙale a bayan kunnensa kamar kafinta.

A makarantarmu akwai wani ɗaki da aka jibge manyan akwatunan katako. An ce injunan koyon sana'a ne, amma babu lantarkin da zai juya su, don haka ko buɗe su ba a yi ba. Mu dai a zatonmu ranar da aka buɗe akwatunan nan ranar za mu fara zama injiniyoyi. Malam ya ce mu daina leƙen tagar ɗakin, aikin injiniya ba a kan inji yake farawa ba. Ya koya mana hanyar da masu ƙira ke bi: ka nemo matsala, ka tambayi mai ita, ka duba abin da ke hannunka, ka zana mafita fiye da ɗaya, sannan ka zaɓi guda ka haɗa ka gwada. In ta ƙi, ka rubuta yadda ta ƙi, ka gyara, ka sake gwadawa. Muka haddace tsaf saboda jarrabawa. Da hutu ya zo sai ya ce ba hadda yake so ba, kowa ya je gida ya nemo abin da ke wahalar da wani nasa, ya bi hanyar nan da hannunsa, ya dawo da labari.

Ni a Kalgo nake hutu, wurin Gwaggo, yayar mahaifina. Mijinta masunci ne, ita kuma sana'arta bandar kifi. A bayan ɗakinta akwai wani rami mai faɗi, an ɗora masa ragar waya a kan tubala. Da hantsi idan an kawo kifi sai ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke baki da wutsiya da tsinke, ta jera a kan ragar, ta hura wuta a ƙasa. Daga nan ba ta da sauran sukuni. Tana tsugune tana fifita, tana juya kifi, in mai ya ɗiga wuta ta tashi ta yayyafa ruwa. Idanunta kullum jajur, suna zubar da hawaye, ta riƙa sharewa da bakin zane.

Kwana biyu ina kallonta na ce na samo matsalata: hayaƙi ne. Kuma tunda na gani da idona, ban ga dalilin tambayarta ba. Na yi zane ɗaya tak a bayan littafina. Ganga ce, wuta a ƙasa, kifi a sama, a rufe bakin ruf. In hayaƙi bai samu hanyar fita ba, ina zai ga idon Gwaggo? Har mamaki nake yi yadda duk matan unguwar ba wadda ta taɓa tunanin haka sai ni.

Mijin Gwaggo yana da wata tsohuwar gangar ƙarfe da suke tara ruwa a da, gindinta ya fara yoyo. Na roƙe shi ya ba ni. Maƙerin bakin kasuwa ya huda mini gefenta ya zura sanduna biyu na ƙarfe, na ɗora guntuwar raga a kai, marfi kuwa wani tsohon faranti ne babba. Gwaggo ta ga ina ta kai da kawo ta ce, "Ɗiyata, mi za ki yi da ganga?"

Na ce, "Gwaggo, daga yau kin huta da hayaƙi."

Ta dube ni, ta dubi gangar. Sai ta zaɓo tarwaɗa shida daga cikin na sayarwa ta miƙo mini.

Na zuba garwashi da itace a fasasshiyar tukunya na saka a gindin ganga, na jera kifi, na rufe na danne da dutse. Jim kaɗan na buɗe na tarar wuta ta mutu. Na sake hurawa, ta sake mutuwa. A karo na uku na ɗan ɗaga marfin, wutar ta rayu da ƙyar, na zauna ina gadi har la'asar. Da na buɗe sai ruwa ya tsiyayo daga marfin. Kifin ya yi laushi yana sakin jiki, ga wani ɗacin hayaƙi da ya kama shi. Na ɗauki ɗaya, ta rabe biyu a hannuna.

Gwaggo ta gutsira ta ɗanɗana. Ta ce, "Wanga ba banda ba ce, dahuwa ce. Kawo a sa a miya."

Ranar kowa a gidan ya ci tuwo da miyar kifi mai ɗaci. Na mirgina gangar na kai bayan rumbu.

Da aka koma makaranta na so in ɓoye labarin. Wasu sun zo da abubuwa masu kyau. Wani yaro ɗan Ceberu ya haɗa igiya da gwangwanaye na korar tsuntsaye a gona, har ya ja igiyar a aji aka yi ta dariya. Da aka zo kaina na miƙe na ce nawa bai yi ba, na yi niyyar zama. Malam ya ce in tsaya. Ya sa na faɗi komai dalla-dalla, sau nawa wutar ta mutu, daga ina ruwan ya fito, yaya kifin ya zama. Yana rubutawa a allo fuskarsa a sake kamar na kawo masa albishir. Ya ce duk ajin ba wanda ya dawo da bayani mai yawa kamar nawa.

Sannan ya juyo ya ce, "To, da kika tambayi Gwaggonki, me ta ce yana damunta?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ki tambaye ta ba?"

"Malam, ai na gani."

"Kin ga abin da ya dame ki ke. Shekara nawa tana wannan sana'a?"

Na ce tun kafin a haife ni. Ya ce to akwai wadda ta fi mu sanin kifi da wuta, ga ta a gida, na wuce ta na je wurin maƙeri.

Washegari ya zo da gwangwanayen madara manya guda uku da kyandir. Na farko ba huda, ya kife a kan kyandir, nan da nan ya mutu. Na biyu an huda samansa kaɗai, wutar ta yi ta rawa kamar za ta mutu. Na uku an huda sama da kuma gefe ta ƙasa, wutar ta tsaya kyam. Ya kunna tsinken turare ya kai kusa da hudojin ƙasa, muka ga hayaƙin turaren yana shigewa ciki da kansa yana fita ta sama. A nan na gane abin da ya kashe mini wuta, na kuma gane cewa ruwan jikin kifin ne ya rasa hanyar fita ya koma kansa. Malam ya ce in da na fara gwadawa da gwangwani, da tarwaɗa shida ba su tafi a banza ba.

Wata Asabar mahaifina ya saka ni a mota na koma Kalgo da littafina. Na tarar da Gwaggo a bakin raminta, na tsuguna kusa da ita na karɓi mafici. Ina fifita na ce, "Gwaggo, a aikin nan me ya fi ba ki wuya?"

Na ɗauka za ta ce hayaƙi. Sai ta ce hayaƙi ai sun saba, bayanta ne. Tsuguno daga hantsi zuwa la'asar, in ta tashi sai ta dafa bango. Na biyu itace, rabin zafin iska ke kwashewa. Sannan ba ta isa ta gusa ba, ko salla za ta yi sai ta kira wata ta tsaya, in ba haka ba ko wuta ta lashe kifin ko shirwa ta sure. Ta ce mai saye kuwa launi yake dubawa, yana son ja mai sheƙi, wanda in ka ƙwanƙwasa za ka ji ya bushe har ciki. Na yi ta rubutu har na cika shafi biyu. Ta leƙa littafin, ko da yake ba ta karanta boko, ta ce, "Duk maganata ce wannan?" Na ce duk tata ce. Ta gyara zama ta ƙaro wasu.

A wannan karo zane uku na yi, na yi mata bayanin kowanne. Ta ƙi na farko don murhun yana gefe, zai ci wuri. Ta ƙi na biyu don sai mutum biyu za su ɗaga shi. Muka tsaya a kan na uku. Maƙeri ya yanka ƙofa a gindin gangar ta saka itace, ya huda marfin, ya ƙara sanduna aka samu raga hawa biyu. Tsakanin wuta da kifi muka sa faifan ƙarfe mai hudoji don kada mai ya ɗiga kan harshen wuta. Muka ɗora gangar a kan tubala har bakinta ya zo daidai ƙugun Gwaggo. Wannan karon ƙananan karfasa muka fara sakawa.

Wuta ta ci lafiya, hayaƙi ya miƙe sama ta hudojin marfi. Amma da muka buɗe, na ragar ƙasa sun ƙone ƙurmus, na sama kuwa ba su gama ba. Raina ya ɓaci, sai dai ban mirgina gangar ko'ina ba. Na rubuta. Gwaggo ta kai hannu kusa da jikin gangar ta janye da sauri. Ta ce ƙarfe ba shi da haƙuri, yanzu ya yi zafi yanzu ya huce, kifi kuwa zafi mai sanyin hali yake so. Ta ce a shafe ta da laka kamar yadda ake yi wa rumbu. Wannan dabara ba ta cikin ko ɗaya daga zanena uku.

Muka kwaɓa laka da ƙaiƙayi muka shafe gangar ta waje, muka bar ta ta bushe har Asabar ta gaba. Muka rage itace, muka riƙa barbaɗa buntun shinkafa a kan garwashi don ya ba da hayaƙi a hankali, kuma idan an yi rabin lokaci sai a musanya ragar sama da ta ƙasa. Ranar Gwaggo ta jera tarwaɗa, ta rufe, ta tsaya tana kallon gangar kamar ba ta yarda da ita ba. Da aka kira azahar ta dube ni, ta ɗauki buta ta tafi. Ta yi sallarta a tsanake har da lazimi. Da la'asar muka buɗe. Ta ɗauki ɗaya ta juya ta a rana, ta ƙwanƙwasa da farce, ta karya wutsiyar ta tauna.

Ta ce, "To. Wagga ta yi."

Ba wai gangar ta share mata duk hawaye ba. Ƙarama ce, in kifi ya yi yawa dole ta koma ramin, kuma hayaƙin yana samunta idan ta buɗe marfi. Duk na rubuta a rahotona, domin Malam ya ce rahoton da babu aibi a cikinsa ba a gama shi ba. Da ya karanta sai ya ce yana so ya gani da idonsa. Wata Asabar ya hau babur ɗinsa tun daga Gwandu har Kalgo, ya iso fuska duk jar ƙasa. Mijin Gwaggo ya shigo da shi. Na zaci ni zan yi bayani, amma Gwaggo ta gyara lulluɓi ta karɓe zancen. Ta nuna masa ƙofar itace, ta nuna masa faifan, ta faɗa masa dalilin laka. Malam ya zaro fensir daga bayan kunne yana rubutawa yana cewa, "Na'am, Inna. Sai kuma me?" Da zai tafi ta ƙulle masa kifi a takarda ta ce ya kai wa yaran ajinsa. Ranar Litinin kowa ya samu ɗan gutsure, aji ya yi ta ƙamshin banda har aka tashi.

Damina biyu gangar ta yi, tsatsa ta cinye gindinta. Lokacin na shiga babbar sakandare, na daɗe ban je Kalgo ba. Da na je sai na tarar Gwaggo ba ta nemi wata ganga ba. Ita da maƙwabciyarta sun gina nasu murhun bandar da tubali da laka zalla, ya fi nawa faɗi sau biyu, raga hawa uku, ƙofar itacen tana fuskantar inda iska ke fitowa. A gefe ɗaya ta bar wani ɗan gurbi a jikin ginin. Na tambaye ta na mene ne. Ta ce nan take ajiye buta, ruwan alwala ya yi ɗumi lokacin sanyi. Sannan ta ce in zo in duba mata marfin, tana ganin hudojin sun yi yawa, tana so ta toshe biyu ta ga yadda kifin zai fito.