Shanu Sun Wuce, Mai Shanu Bai Wuce Ba

Shekarun baya, lokacin da annoba ta sa aka rufe iyakoki, mahaifina ya aike ni Dapaong neman wani mutum. Na samo shi kuwa. Abin da na yi da saƙonsa ne har yau yake damuna.

Mahaifina mai masauki ne a zangon Sokode. Bafulatani zai kawo shanunsa daga arewa ya sauka gidanmu, a ba shi ɗaki da tuwo, Baba ya tsaya masa a kara har ya sayar, sannan ya raka shi tasha. Haka kakana ma ya yi. Ni kuwa na bi boko na zama malamin makaranta, mushen lakwal kamar yadda ake cewa a nan. Baba kan ce shi da bai taɓa yarda mushe ya shiga kasuwa ba, ga shi ya haifi guda a cikin gida.

Tun kafin annobar baƙi ke raguwa, har ya rage saura ɗaya, wani dattijo daga tsallaken iyaka, can bayan Mandouri. Tun ina ƙarami yake sauka gidanmu. Baba na ce masa "baƙona", shi yana ce wa Baba "mai gidana". Ba wata doguwar hira suke yi ba. Su shimfiɗa tabarma a zaure, su raba goro, su yi ta kallon titi. Amma bayan rasuwar mahaifiyata, a wannan zaman kaɗai nake ganin Baba ya saki fuska.

Da aka rufe iyaka, dokar ita ce kaya su wuce, mutane su dakata. Ni ne babban lauyan wannan doka a majalisarmu ta mai shayi. In gyara zama, in haɗa da Faransanci, in bayyana musu cewa ƙasa ƙarama irin tamu mai tashar jirgin ruwa ba ta isa ta toshe wa maƙwabta hanyar kaya ba, da shi take ci, da shi take da baki a cikin ƙasashe. Mutane kuwa sai su yi haƙuri. Har tafi ake yi mini, ni kuma kaina yana kumbura.

Wata rana da hantsi Baba ya dawo daga tasha, bai ko cire takalmi ba ya ce, "Na ga shanunsa."

"Shanun wa, Baba?"

"Na baƙona mana. A cikin kamiyo, babbar motar nan, za su Lome. Kunnen hagu an tsaga sau biyu, shaidarsa ke nan. Sun wuce ta gabana ba su tsaya ba." Sannan ya ce, "Ka je ka dubo mini shi. Ko ba shi da lafiya ne."

Na ce ya ba ni lambar wayarsa. Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Me zan yi da lambar mutumin da ya san ƙofar gidana?"

Haka na hau mota da sunan mutum guda ɗaya tak, sunan da rabin Fulanin kara ke amsawa. Duk wanda na tambaya a Dapaong sai ya yi dariya ya ce, "Wanne daga ciki?" Kwana uku na yi a garin da ban san kowa ba. In ci shinkafa ni kaɗai a bakin titi, na kusa da ni suna hira da Mobanci, yaren garin, ban san ko da ni ake ba. Manyan motoci kuwa suna ta wucewa zuwa iyaka, babu mai tsayar da su sai 'yan duwan, wato kwastan. Ban taɓa jin kewar gida irin ta waɗannan kwanakin ba, kuma Faransancina bai tsinana mini komai ba.

Rana ta uku na haƙura da suna. Na tsuguna gaban wani tsohon dillali na zana kunnen saniya a ƙasa, na tsaga shi sau biyu. Nan take ya gane. Ya kira direban da ke ɗaukar shanun, direba ya haɗa ni da wayar babban ɗan dattijon, ɗan ya kai wa uban wayar.

"Ɗan mai gidana!" in ji shi. "Baba naka yana lafiya? Ƙafa nasa ya yi sauƙi?"

Na ce, "Lafiya lau, Baffa. Yana ta cigiyarka. Masu babur suna tsallakar da mutane ta daji, ba za ka biyo su ba?"

"Da furfura zan bi daji kamar ɓarawo? A'a." Ya ja numfashi. "Kuma ko an buɗe, me zan zo yi? Yara sun gane hanya. A loda shanu nan, mai saye yana Lome, a gama magana a waya. Ba sa ba ni ko sanda in riƙe. Ka gaida mai gidana. Ka ce ya ba da ɗakin nan ga mai bukata, kada ya jira ni."

Tun daga Dapaong har Sokode nake juya maganar nan a mota. Da na shiga zaure na ga yadda Baba ya miƙe tsaye, sai bakina ya ƙi. Na ce, "Yana lafiya, ya ce in an buɗe zai zo."

Baba ya ce, "Madalla."

Aka daɗe kafin a buɗe iyakar. Ran da rediyo ya faɗa, Baba ya sa aka share ɗakin, ya sayo sabuwar tabarma. Kullum bayan la'asar sai ya zauna a gefe guda nata, ya bar ɗaya gefen. Ni kuwa na koma shiga gida ta ƙofar baya don kada mu haɗa ido. Mako ya bi mako. Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, yana tafe a hankali yana dogara sanda, bai ko juyo ba ya ce, "Cewa ya yi in ba da ɗakin, ko?"

Na ce, "E, Baba."

"Na sani tun ran da ka dawo. Baƙona bai taɓa cewa zai zo ba, zuwa kawai yake yi." Muka ɗan taka, ya ƙara da cewa, "Ai da ka faɗa mini, da na aika masa da amsa."

Bai aika ba, ni ma ban tambaye shi amsar ba, kunya ta hana ni. Shekara ba ta zagayo ba Allah ya yi wa Baba rasuwa. Lambar ɗan dattijon tana cikin wayata duk tsawon lokacin nan. Da na danna ta sau ɗaya na miƙa wa Baba, da sun gaisa. Ban danna ba, don kada ƙaryata ta fito fili.

Har gobe ina ganin ƙasarmu ba ta da zaɓi a wancan lokacin, kuma in aka taso da zancen manufofin gwamnati a majalisa nakan sa baki. Sai dai na rage ɗaga murya. Gwamnati ta raba tsofaffin nan biyu da dalilinta, ta kuma buɗe hanya da lokaci ya yi. Sauran rabuwar ni na ƙarasa ta. Sai ranar sadakar uku na kira lambar, don in yi wa Baffa ta'aziyyar mai gidansa.