Abu Ɗaya da Mai Tabarau Ta Ƙi Koya wa Mama

Kafin mai aski ya ɗaga ƙofar shagonsa, Mai Tabarau ta riga ta buɗe nata. Shagon wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai askin da mai sayar da takalma, idan dogon mutum ya shiga sai ya sunkuya. Takan fara da share teburi da ɗan buroshi, ta jera ƙananan kayan aikinta a kan tawul, ta kunna fitila, sannan ta ɗora wancan tabarau mai kauri da ya cinye mata sunanta na yanka. Daga nan sai ta jawo benci ta ajiye a bakin ƙofa. Duk unguwar babu abin da yake ba ni haushi kamar bencin nan, domin a kansa mahaifiyata take zama.

Gyaran waya da kwamfuta ne sana'arta, tun zamanin wayoyi masu madannai har zuwa waɗannan na shafawa. Ƙarshen watan da ya wuce ta rufe shagon, saboda idonta ya gaji, likita ya ce ta huta da leƙen ƙananan ƙarafa. Mama ce ta ce lallai in rubuta mata jinjina, tunda ni ce mai rubutu a gidanmu. Na karɓa, amma gara in faɗa tun da wuri: ina kishin matar nan, kishi na haƙiƙa, kuma ban ga alamar zai sake ni ba.

Ni na saya wa Mama wayar. Tun da muka watse gidajenmu, Yaya ya yi nisa da aiki, ita kaɗai ce a gida, sai na ga ya kamata ta riƙa ganin fuskar jikokinta. A lissafina, duk lokacin da wayar ta rikice mata ni za ta nema. Haka kuwa aka yi a makonnin farko, har nakan yi mata ƙorafin tana hana ni aiki, alhali daɗi nake ji. Sai batir ya fara ƙarewa tun kafin azahar. Ranar ina wurin aiki, wata maƙwabciya ta nuna mata lungun ƙarƙashin bene, ta tafi da waya a ƙulle a gefen mayafi. Tun daga ranar kiran ya ragu.

Da na je gida na tarar da wata sabuwar Mama. Ta zaunar da ni tana yi min bayani, wai hasken fuskar waya shi ne babban mai shan batir, a rage shi idan ana cikin ɗaki. Wai a riƙa rufe manhajojin da aka gama da su, a kashe bulutut da abin nuna wuri idan ba a buƙata, kada a bari batir ya mutu murus kafin a sa caji, kada kuma a tura waya ƙarƙashin filo tana caji don zafi na kashe ta. Kowace magana da kalma guda take farawa: 'yar albarka ta ce. Na waiga in ga wace 'yar albarka ce ta shigo ɗakin, don ni dai tun ina ƙarama ban taɓa jin wannan sunan a kaina ba. Ni "mai bakin tsiya" ce.

Abin da ya fi ƙona min rai, duk waɗannan abubuwa na taɓa faɗa mata su da bakina. Ta ce in bar ta da surutu. Amma da suka fito daga bakin Mai Tabarau, sai suka zama karatu.

Na bincika yadda take yi, kamar yadda mai kishi yake bincike, ina fatan in samo aibu. Mai aski, wanda ya yi shekara da shekaru yana kallonta ta ƙofarsa, shi ya ba ni labari. Ya ce idan tsoho ya kawo mata waya, ta duba ta ga ba gyara take buƙata ba, sai ta miƙa masa abarsa, ta mayar da hannayenta baya ta haɗe su. Ba za ta sake taɓa wayar ba. Da baki za ta riƙa nuna masa, ya danna, ya yi kuskure, ya koma, ya sake dannawa. Masu kawo gyara na tsaye suna jiranta, ita kuwa ko a jikinta. Ya ce ya taɓa ganin wani tsohon direba, mai yatsu kamar taɓarya, ya kwashe safiya guda yana koyon tura saƙon murya. Da saƙon ya tafi, 'yarsa ta amso daga wata ƙasa, tsohon ya juya wa titi baya yana goge ido da hular kansa. Mai Tabarau ta koma kan teburinta kamar ba ta gani ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke layinsu ta ce min laftof ɗinta ya riƙa ɗaukar zafi yana mutuwa a tsakiyar karatun jarrabawa, har ta yanke shawarar yar da shi. Mai Tabarau ta buɗe, ta busa ƙurar da ta toshe fankar ciki, ta nuna mata inda ake kunna tattalin batir, ta ce ta riƙa cire filashi da linzamin kwamfuta idan ba ta aiki da su. Laftof ɗin yana nan da ransa har yau. Na saurari wannan labarin ina gyaɗa kai, amma a raina cewa nake, to sai me, ai aikinta ne.

Sai abin ya biyo ni har ɗaki. Wata rana ina kwance a gadon Mama, na ɗora laftof a kan katifa ina aiki, ta shigo ta tsaya a kaina. Sai ta fita, ta dawo da tire da murafen kwalba. Ta ɗaga laftof ɗin, ta jera murafen a kan tiren, ta ɗora shi a kai.

"'Yar albarka ta ce ta ƙasa yake numfashi," in ji ta. "Ke kin toshe masa hanci da katifa."

Wani lokaci kuma ina taimaka mata da wani abu, aka turo lambar sirri wayarta, na ce ta karanto min. Ta rungume wayar a ƙirji. Wai an ce mata kada ta ba kowa lambar da aka turo, ko da Mai Tabarau ce da kanta ta tambaya. Na ce Mama, ni ce fa, ni kika haifa. Ta ce ai masu damfara ma wasu ne suka haife su.

Ke ce kika yi min wannan, Mai Tabarau. Ke ce kika ɗauki tsohuwar da ke tsoron taɓa waya kada ta fashe, kika mayar da ita mai kiran bidiyo da kanta, mai ƙara girman rubutu, mai yi wa maƙwabta gyaran hasken fuska. Ke ce mai hannu a baya, wadda ba ki taɓa cewa tsoho "kawo in yi maka" ba. Kin san wannan jimlar tana da sauƙi, kin kuma san abin da take rage wa mutum. Na yarda da duk wannan. Yarda daban, daɗin rai daban.

Abu ɗaya ya rage min, kuma na riƙe shi da hannu biyu. Wayar Mama takan cika da hotuna har ta ƙi ɗaukar sabo, kuma duk iliminta ba ta iya kwashe su ba. Don haka kowace Asabar nakan ɗauki laftof da kebul in je gida. Ta dafa shayi, mu zauna a tabarma, hotunan suna wucewa muna kallo, tana ba ni labarin kowanne. Asabar tawa ce. A nan ne nake ce wa kaina, duk ƙwarewar 'yar albarka, akwai inda ta gaza.

Da na ji za ta rufe shago, ba zan ɓoye ba, wani sanyi ya ratsa ni. Na ce yanzu Mama za ta dawo hannuna gaba ɗaya. Ranar ƙarshe na raka ta yin sallama, har da fara'ata. Mun tarar benci ya cika da tsofaffi, tsohon direban nan yana gefe, mai aski ya fito da kujerunsa. Mai Tabarau tana naɗe kayanta a tawul. Mace ce 'yar siririya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, idanunta sun yi ja. Mama ta riƙe mata hannu ta ƙi saki, ni kuma ina tsaye ina kallon hannun.

Bakin tsiyar ne ya motsa. Na yi mata godiya, sannan na ƙara da cewa ta yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai kwashe hotuna ya gagare ta koya wa Mama, wannan sai ni. Ta yi murmushi ta ci gaba da naɗe tawul. Tsohon direba ne ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce shi ma akwai abin da ya gagare ta, wato sabunta manhajoji, ɗansa ne yake zuwa ya yi masa. Wata tsohuwa ta ce ita kuma haɗa waya da intanet ɗin gida, sai jikarta ta zo. Kowa a bencin nan yana da abu ɗaya da bai iya ba, kuma kowa da nasa daban.

Mama ta dube ni ta ce, "Sau nawa na roƙe ta ta koya min. Kullum sai ta ce wannan rabon 'yarki ne."

Na tambayi Mai Tabarau dalili. Ta cire tabaran, karo na farko da na ga fuskarta babu shi, ta goge da gefen mayafi.

"Akwai wani baba da na koya wa komai," ta ce. "Ya ƙware sosai. Daga baya sai ya riƙa zuwa ya zauna nan tun safe, wayarsa lafiya lau. Ya ce min tun da ta daina damunsa, yaran suka daina leƙowa. Tun daga kansa nake barin abu ɗaya."

Ashe Asabar ɗin da nake taƙama da ita, ita ta ajiye min. Na zo in nuna mata iyakarta, na koma gida da kyautarta a jakata. Wanda bai taɓa kishi ba zai ce ai sai kishin ya wuce. Ƙaruwa ya yi. Ta san mahaifiyata har ta san abin da take buƙata daga gare ni, ta kuma san ni tun ba ta taɓa ganina ba.

Duk da haka, na gode, Mai Tabarau. Na gode da haƙurin da kika yi da yatsun iyayenmu masu rawa. Na gode da kika ba su abin da ya ishe su tsayawa da ƙafafunsu, kika bar mana ƙofar shiga. Allah ya ba idonki lafiya, ya ba ki hutu mai daɗi, ya haɗa ki da masu haƙuri da ke yadda kika yi da na wasu. Masu gyaran waya da ke tasowa, ku koyi mayar da hannu baya. Mu kuma masu iyaye, idan aka kira mu a kan wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba, mu ɗauki kebul mu tafi, wataƙila shi ne rabonmu.

Asabar da ta wuce na je kamar kullum. Wayar ta cika maƙil. Muna kallon hotunan suna wucewa, sai na lura da abin da na daɗe ina gani ban kula ba: hoton labule, hoton butar shayi, hoton takalmi a bakin ƙofa, labulen kuma ta wani gefen. Tsakaninsu ga Mai Tabarau a shago, ga ta da tawul, ga ta babu tabarau. Na duba, hotunanta sun fi nawa yawa nesa ba kusa ba, na kuma faɗa wa Mama haka. Ta ce ai 'yar albarka ba ta ɓata fuska idan ana ɗaukarta.

Da muka gama ina naɗe kebul, ta kalle ni ta gefen ido. Ta ce tunda shago ya rufe, ko zan koya mata kwashewar, ta rage min wahalar zuwa.

Na zuge jakata na ce, "A'a, Mama. Wannan nawa ne."

Ta ɗaga wayar ta ɗauki hoton labule.