Ƙafar Keken Maigidana

Ina goyon ɗana na fari ƙafar bayan keken maigidana ta lanƙwashe. Har yau in na tuna abin da ya biyo baya sai in ji wuyana ya ɗau zafi. Maza biyu ne suka haɗa kai suka sa ni yunwa a shekarar nan, mijina da ubana. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya, ina yi musu addu'a yadda ya wajaba, amma ban taɓa cewa sun kyauta ba.

A Tsohon Birnin Gwari muke zaune. Gonarmu ta doya tana can cikin daji, bayan rafi, tafiyar da in ka fita da ƙafa da sassafe sai rana ta take za ka isa. A shekarar maigidan ya zuba ƙarfinsa duka a doya, dawa kaɗan ya shuka. Doyar kuwa ta yi. Ya tone ta, ya tara a ƙarƙashin wata rumfar ciyawa, ya fara jido ta gida a keke, buhu hagu buhu dama. Bai yi nisa da jidon ba ya faɗa wani kwazazzabo da kaya. Ya dawo da keken a kafaɗa, ƙafar baya ta karkace, wayoyinta wasu sun tsinke wasu suna lilo. Abincinmu na shekara yana can a daji, ga gadu, ga birai, ga zafin rana. Jakunan gari kuma duk suna kan aikin masu su, kaka ce.

Masu faci akwai su a garin, amma mai ɗaura ƙafar keke tun daga cibiya har gargare mutum ɗaya ne, shi ne babana. Har daga Kusasu ake turo masa kekuna. To, shi da maigidana ba sa ga maciji. Tun maigidan yana saurayi, bai ma san akwai ni a duniya ba, ya taɓa tsayawa a rumfar Baba a bakin kasuwa, ya kai hannu ya juya wata ƙafa da ake cikin aikinta, ya ce wa abokinsa wannan ai murɗe-murɗe ne kawai, kowa ma ya iya. Baba ya ji. Da aka zo neman aurena ya bayar, don dangin mijin mutanen kirki ne kuma ni na ce ina so, amma maganar nan ya ajiye ta a ransa.

Surukuta kuwa ta yi musu daidai. Suruki ba ya zama kusa da surukinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya ja-in-ja. In sun haɗu a hanya maigidan zai tuɓe takalmi ya durƙusa, Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Mutane suna cewa kai, wannan yaro akwai kunya. Ni da nake tsakaninsu na san ƙiyayya ce tsagwaronta, kowa ya samu wurin ɓoye ta. Kuma ga abin da ya fi ci wa maigidan rai: suruki ba ya karɓar ladan aiki a hannun mijin 'yarsa. In Baba ya gyara ƙafar, kyauta ce, sai an je an durƙusa an yi godiya.

Na ce masa, "Malam, ka kai wa Baba mana."

Ya ce, "Na tambaye ki shawara?"

"Doyar fa tana daji."

"Ni na noma ta, na san inda take."

Ya kife keken a tsakar gida, ya ciro ƙafar, ya aro filaya. Kowace waya tana da ɗan noti a bakin gargare, shi ake murɗawa ta yi tauri ko ta saki. Ni a gindin aikin nan na girma, na san ba a bin ƙafa da ƙarfi. In ka ja nan kaɗan, sai ka saki can kaɗan. Shi kuwa duk wayar da ya taɓa ya ji sako-sako sai ya murɗe ta har ta yi ƙara, a ganinsa tauri shi ne ƙarfi, yadda yake ɗaure buhu. Ya miƙar da wuri ɗaya, biyu su karkace. Da abin ya ƙi, ya kwantar da gargaren a ƙasa ya hau da ƙafafunsa yana dannawa. Da wannan ma ya ƙi, ya ɗauke mini turmi ya ɗora a kai, ya zauna bisa turmin yana huci. Ranar ban yi daka ba.

Na ce, "Saki na wancan gefen za ka yi."

Ya ɗago ya dube ni. "A gidanku aka koya miki ki koya wa miji aiki?"

Na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba. Kwanaki suna wucewa, filaya ta cinye kan notocin har ba sa kamuwa, ƙafar ta koma kamar faifan da ruwa ya daka. Wani maƙwabcinmu Bagwari da gonarsa ke kusa da tamu ya tsaya a ƙofar gida ya ce gadu ya fara shiga rumfar. Maigidan ya jefar da filaya, ya ɗauki gora da sanda ya tafi gonar da ƙafa, ya ce zai kwana biyu yana gadi.

Yana fita na naɗe ƙafar a tsohon zane, na ɗora a ka, na goya yaro, na nufi gidanmu. Na samu Baba a zaure bai fita kasuwa ba tukuna. Na gaishe shi na kwance zanen. Ya daɗe yana kallonta.

"Wane mugu ne ya yi wa ƙafar nan haka?"

"Baba, ka sani."

"Shi ya aiko ki?"

"Ba ya gari."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci wadda na tsana tun ina yarinya. Baba ba ya gyara aikin wani, wannan dokarsa ce. Ya ɗauko almakashin ƙarfe ya datse wayoyin duka, suka zube a tabarma. Ya buga gargaren a kan kututture da guduma ta itace har ya dawo hayyacinsa. Sannan ya ɗebo sababbin wayoyi ya fara saƙawa daga cibiya, wannan ta haye wannan, waccan ta bi ta ƙarƙashi. Yana da wani tsohon ƙarfen keke mai baki biyu, irin wanda ke riƙe ƙafa, da ya kafa a gungume, nan yake ɗora ƙafa ya juya ta, ya riƙe alli kusa da gargaren. Inda allin ya taɓa, nan ne ya karkace. Ya murɗa kaɗan, ya juya, ya goge, ya sake. Yana kaɗa wayoyin da farce yana saurare, sai duk sun yi murya ɗaya. Ina jin haushinsa, amma aikin nan nasa ban taɓa gajiya da kallonsa ba.

Akwai abu ɗaya da kowa ya san Baba da shi. Ƙafar da za ta ɗauki kaya, duk inda waya biyu suka gitta sai ya naɗe wurin da siririyar waya ya ɗaure tam. Duk garin in aka ga ƙafa mai ɗauri an san daga rumfarsa ta fito. Da na ga ya kai hannu zai fara, na ce, "Baba, don Allah ka bar ta haka. Zan ce masa wani baƙon mai gyara ne ya zo cin kasuwa."

Ya tsaya. "Ni in yi aiki, a ce na baƙo ne?"

"Doyarmu ce za ta lalace. Jikanka ne zai sha wuya."

"Ƙafa ba ta fita hannuna ba ɗauri."

Da farar waya ya saba yi, wadda ba ta cika nunawa ba. Ranar sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da jar waya ta tagulla mai ƙyalli, wadda ban taɓa ganin ya sa wa kowa ba. Ya zauna ya ɗaure kowace mahaɗa da ita, a tsanake, ina tsaye ina hawaye. Innata ta leƙo ta ce, "Malam, ka ji tausayin yarinyar nan." Ya ce mata ai tausayin ne ya sa bai kore ni da tarkacen ba.

Na kawo ƙafar gida na jingine a bango. Na yi tunanin kwance ɗaurin da kaina, na gwada da wuƙa, na yanke yatsa, ko ɗaya bai motsa ba. Sai na ce a raina, mutumin da ya kwana a daji yana korar gadu, ya ga abincinsa yana ƙarewa da idonsa, ai zai haɗiye girman kansa.

Ya dawo ranar kasuwa da azahar, da doya kaɗan a buhu a kansa, ƙafafunsa duk kaushi da ƙaya. Ya sauke, ya ga ƙafar. Ya ɗaga ta ya juya, tana tafiya sumul ba ko rawa. Na ga yadda ya so ta, wallahi na gani a fuskarsa.

Na ce, "Ka sa ta ka tafi. Godiyar ni zan je in yi."

"In bi ta tsakiyar gari da wannan jan abin, kowa yana nuna ni?"

"Su nuna mana. Nuni yana hana cin tuwo ne?"

Ko ruwa bai sha ba, ya saɓa ƙafar ya fita. Na bi shi a baya da goyo. Kasuwa ta cika, Fulani sun kawo nono, masu doya sun baje. Tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya zo gaban rumfar Baba ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, barka da rana. An wuni lafiya? Ya aiki?"

"Lafiya lau. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Wannan ce aka kai gidana bisa kuskure, na ce bari in maido."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Shi ke nan abin da suka ce. Ba wanda ya ɗaga murya. Wata tsohuwa kusa da ni har tana cewa ka ga ɗan mutunci. Baba ya miƙe ya rataye ƙafar a saman rumfa, ta gefen da ke kallon hanya. Maigidan ya ja da baya, ya sa takalminsa. Dukansu biyu fuskarsu a sake, kowa ya samu abin da yake so.

Ya ba wani direban babbar mota saƙon sabuwar ƙafa daga Kaduna. Kafin ta iso an daɗe. Ya yi ta jido da ka, ni ma na bi shi sau da yawa da yaro a baya, har wuyana ya riƙa ciwo. Abin da mutum biyu za su ɗauko a wannan nisa ba shi da yawa. Gadu ya ci, birai sun kwasa, wadda suka fasa suka bari ta ruɓe ta shafi sauran. Zuwanmu na ƙarshe wari ne ya tare mu tun kafin mu ga rumfar.

Damina ba ta kai tsakiya ba rumbunmu ya ƙare. Nonona ya ja baya, yaron ya rame, kuka ma ba ya iya yi da ƙarfi. Na ɗauki ƙwarya na je gidanmu. Baba ya ce wa Inna ta buɗe rumbu ta ba ni, bai dube ni ba. Na riƙa zuwa haka har aka yi sabuwar dawa.

Ranar da na fara kawo hatsin Baba, na daka, na tuƙa tuwo, na ajiye wa maigidan a gabansa. Ya san rumbunmu ba ko ƙwaya. Ya san inda na je, don a ƙofar gida na wuce shi da ƙwaryar a kaina. Na tsaya a kansa ina jira ya tambaya, na shirya masa amsa tun a hanya. Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ci ya ci, sannan ya turo mini kwanon ba tare da ya ɗago ba, ya ce in ƙara masa miya.