Tagar Attajiri a Bangon Ɗan Ga-ruwa

Gidanmu na unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, ɗaki biyu ne da ɗan zaure, a layin 'yan ga-ruwa. Mahaifina da ya zo daga Kano a ƙafa, shi ya gina shi da tubalin da ya mulmula da hannunsa, bayan ya wuni yana dakon ruwa. Har zanko ya yi masa a kowace kusurwa, irin na gida. Da ya rasu, abin da ya bar wa Inna ke nan. Duk shekara sai ta kwaɓa ƙasa ta yaɓe inda ya tsage, ba ta yarda kowa ya taya ta ba.

Sai Baffa, ƙanin mahaifina. Allah ya yi mutum mai son a san shi! Tun da ya samu aikin rakiyar alhazai ya daina Hausa a kan hanya. In ya zo gidanmu sai ya tsaya a bakin zaure yana yatsina, wai ginin Takari.

Shekarar da aka fara rushe gidajen da ke daf da Harami don a faɗaɗa shi, sai ga Baffa da 'yan dako, sun ɗauko roshan, wato tagar nan ta katako mai sassaƙa da ake gani a benayen attajirai. Tsawonta ya kusa kai bangonmu.

"Yaya, na ceto kayan tarihi," in ji shi. "Da an yi makamashi da ita. A nan za a kafa ta, gidan nan ya zama gida."

Inna ta ce, "Malam, da can mene ne?"

"Halas, Yaya, halas," in ji shi da Larabci, wai zance ya ƙare.

Kayan tarihi! Tarihin wa? Mai tagar ko ruwa Baba ya kai masa, a ƙofar baya yake tsayar da shi. Amma ga Baffa yana shafa katakon kamar gadon ubansa, bangon da yayansa ya gina kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Inna a inuwarsa take, 'ya'ya mata gare ta, sai ta bar shi ya yi.

Aka fasa bangon gaba, aka ɓalle zanko ɗaya saboda ya tare hanya, aka cusa tagar. Kai, abin dariya, jaki da rawani. Baffa ya riƙa kawo abokansa shan shayi a ƙarƙashinta.

Ba a jima ba bangon ya soma rinjaya waje. Inna ta yaɓe, ya sake buɗewa. Wata rana da hantsi, muna tsakar gida, ya tafi gaba ɗaya, ya ja rufin ɗakinta.

Baffa ya iso a guje. Bai tambayi ko akwai wanda ya ji rauni ba, wallahi ina tsaye. Tagar ya nufa, ya kakkaɓe ta, ya ce alhamdulillahi ba ta karye ba. Kafin azahar ya sa an kai ta gidansa a adana.

Inna kuwa ta durƙusa cikin ɓaraguzan tana tono, har ta ciro tubali guda da bai fashe ba. Ta kira ni, ta kama hannuna ta ɗora a kai. Akwai shatar yatsu huɗu a jikinsa.

"Na babanki ne," ta ce. Ta naɗe shi a gefen mayafinta, muka koma zaure da zama.